Saurayin da Bai Taɓa Kallon Fim Ɗin Ba

A cikin bas suka haɗu, a garin Radom. Direba ya taka burki, wata tsohuwa ta jefo maganar shugaban ɓarayi ta wani tsohon fim ɗin barkwanci da kowa a ƙasar ya sani, fasinjoji suka ƙarasa mata baki ɗaya. Saurayi guda ne ya yi zuru. Wata budurwa, Jagoda, ta dube shi.

"Kai kuma daga wace duniya?"

"Borys nake. A Dublin na girma, can ƙasar waje."

"Ba ka taɓa kallonsa ba? Allah sarki, maraya."

Kafin ta sauka ya karɓi lambarta. Da yamma saƙonsa ya shigo, da kiran ƙauna irin na ƙasarsu: "'Yar kwaɗona, ki rufa mini asiri."

Soyayya ta yi nisa, amma babanta, Pan Ryszard, ya ce sam. Tsoronsa ɗaya: yaron da bai san abin da ke ba mutanensa dariya ba, wata rana zai kwashe masa 'ya zuwa ƙetare. Ya fi son Damian, ɗan maƙwabta, wanda ya haddace fim ɗin kaf.

Ran Kirsimeti Jagoda ta kawo Borys gida. Bayan an ci kifi aka kunna fim kamar kowace shekara. Kowa na rigan 'yan wasa faɗin magana, Damian ya fi kowa ɗaga murya.

"Baƙo, in fassara maka?" in ji shi.

Borys bai ma ji ba. A fim ɗin ɓarayi sun fasa gidan da ba shi ba ne, dariya ta ƙwace masa. Ya riƙe ciki, ya ɓarar da shayi, hawaye shar.

Pan Ryszard ya daina kallon talabijin. Shekaru ke nan ana maimaita fim ɗin a falonsa, ba wanda ya yi dariya haka. A hankali kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Damian, yi mana shiru, kada ka ɓata masa na gaba." Ya matsa. "Borys, dawo nan kusa da ni."

Da bazara aka ɗaura aure, ango ya kama gida a bayan layin su Jagoda. A ƙofar zauren biki uban amarya ya miƙa musu burodi da gishiri bisa al'ada.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ɗana, ka riƙa ba ta dariya, ni na gama nawa."