Bayan Gunya

"Ɗauke hannunka daga jikinta!"

Muryar Madina ta cika bargar, har tantabarun da ke kan danga suka watse. Gyalenta ya zame ba ta sani ba. Idonta na kan Gunya, goɗiyar da marigayi mahaifinta ya bar mata. Wurin zaman sirdi ya saɓule, ja wur, ƙudaje sun yanyame shi.

Manniru, mai kula da dawakin, ya ja baya, ƙwaryar ruwan ɗumi a hannunsa.

"Madina, tsaya ki ji..."

"In ji me? Kai ne ka ce mini ko ƙuda ba za ka bari ya taɓa ta ba!"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya yi mata wannan?"

Ya juya ya ajiye ƙwaryar.

Shirun nan ya fi ciwon tsaya mata a rai. Ta juya ta fice tana kuka.

Bargar ta Baffa Isiyaku ce, ƙanin mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama. Falken goro ne, amma yana da dawaki a bakin Sabo, unguwar Hausawa a nan kudu. Duk Lahadi Turawa kan zo su hau, Manniru na gaba yana ja musu hanya ta cikin gonakin koko. Kowa ya san dokar Manniru: rana na take tsaka a sauke sirdi, kuma ba a kusantar rafi, don can ne tsando yake, mai sa wa doki sammore. A bakin turken Gunya suka saba, ita tana kawo dusa, shi yana yin kamar bai ga zuwanta ba.

Da la'asar Baffa ya tara su a zaure. Babandi, ɗansa, wanda ya daɗe yana nuna yana sonta, shi ya fara magana.

"Baba, na sha faɗa maka. Bare bare ne. Wanda bai riƙe amanar dabba ba, shi za a ba 'yar mutum?"

Baffa ya dubi Manniru.

"Kana da ta cewa?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. A hannuna take, laifina ne."

"To, ka tattara naka ya naka. Maganar Madina kuma kada in sake ji."

Madina na bayan ƙofa. Ta toshe bakinta da hannu...

An kore shi, amma bai daina zuwa ba. Kullum da hantsi sai ta hango shi ta kan danga, yana wanke mikin, yana shafa man kaɗanya, yana yi wa Gunya magana ƙasa-ƙasa. Goɗiyar da ke harbin kowa sai ta ɗora kai a kafaɗarsa.

Ranar Alhamis Madina ta je kasuwar Mokola sayen ciyawa wajen Iya, wata dattijuwar Bayarbiya.

"Sannu, 'yata. Yaya dokinki? Na ce wa yaron nan, bulala ta yi yawa!"

"Manniru?"

"A'a! Manniru ya tafi Akinyele neman harawa ranar. Ɗan Alhaji dai, mai agogo. Ya ɗora mata wani ƙaton Bature, ko zubka babu a ƙarƙashin sirdi, suka nufi rafi. Sai yamma suka dawo, tana kumfa."

Ciyawar ta suɓuce daga hannun Madina.

Ba ta tsaya gida ba, barga ta nufa. Yana tsugune gaban Gunya.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ɗago, ya ga fuskarta, ya gane.

"Alhaji ne ya ba ni wurin kwana ranar da na sauka daga jirgin ƙasa ban san kowa ba. In tona ɗansa a gabansa?"

"Ni fa? Ka bar ni ina zarginka!"

"Wannan shi ya hana ni barci, hasken idona."

"Ka yafe mini..."

"Ban riƙe ki ba. Zo ki gani, ciwon ya fara kamewa. Zazzaɓin sammore nake tsoro, amma jiya ta ci dusa."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Ita da kanta ta durƙusa gaban Baffa ta zayyane masa komai. Ya sa aka kira Babandi. Tun kafin a gama tambaya ya fara kame-kame.

"Baba, Baturen ne ya matsa..."

"Baturen ne ya zo zaurena ya ɗora wa wani laifinka?"



Baffa ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya miƙe, ya taka har barga, abin da ya jima bai yi ba. Ya shafa wuyan Gunya, ya dubi tabon.

"Za ta sake ɗaukar sirdi?"

"Da wuya, Alhaji," in ji Manniru. "Ko ta warke, ban so a hau ta."

"To, ba za a hau ta ba. Ta gama aiki." Ya gyara babbar rigarsa. "Amma ka sani, gadon Madina ce. Duk gidan da yarinyar nan ta tare, da goɗiyarta za ta tafi."

Manniru ya kasa ɗaga ido.

"Kana da inda za ka ɗaure doki?"

"Babu, Alhaji."

"To me kake jira? Ka kafa turke kafin Sallah. Manyanka kuma su zo su same ni."

Madina ta ja gyale ta rufe fuska, ta ruga cikin gida. Kafin ta kai tsakar gida, Inna, matar Baffa, ta riga ta rangaɗa guɗa.