Kofi Mai Hoton Wata Budurwa

Kuskure ne ya fara kai Auta shagon buga zane a riguna da kofuna. Aikinta na ainihi a kantin magani yake, a gefe kuma tana zana furanni a waya tana sakawa a shafinta na intanet. Wanda zane ya burge sai ya yi oda, shagon ya buga masa a riga ko kofi, ya aika masa. Ita ba ta taɓa riƙe ko riga ɗaya a hannunta ba.

Mai kula da injin, wani saurayi da ake ce wa Dogo, shi ya kira ta. Da ta zo ya shimfiɗa riga a kan teburi.

"Malama, farin fure kika zana, mai oda kuma ya zaɓi farar riga. Me kika gani a nan?"

"Ba komai."

"To, shi ma abin da zai gani ke nan. In zagaye miki furen da baƙin layi?"

"Duk yadda ka yi daidai ne."

Tun rasuwar Mama maganar da ke bakinta ke nan. Gishiri ya yi yawa a abinci, daidai ne. Oda ta shigo ko ba ta shigo ba, daidai ne. Ranar rasuwar ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, mutane na ta yaba haƙurinta, alhali ita ba ta jin komai ne kawai. Zanen ma don hannu ya samu abin yi take yin sa.

Shi kuwa Dogo, bawan Allah, ya faɗa tsundum cikin sonta. Duk odar da ya buga sai ya turo mata hoto da saƙo.

"Mai furannina, yau wata baiwar Allah ta sayi kofinki. Na goge shi tas kafin na naɗe. Kin ci abinci kuwa?"

"Na gode."

"Wannan 'na gode' taki, wata rana sai na buga ta a riga na riƙa yawo da ita."

Ta karanta, ta kife wayar. Ta san nan wurin murmushi ne, bai dai zo ba.

Da Dogo ya zo gaida Baba da maganar aure, Baba ya saurare shi, ya sallame shi cikin mutunci, sannan ya kira Auta.

"Wace irin sana'a ce sai an saya sannan a yi kayan? Ga ɗan aminina ma'aikacin banki, albashinsa duk wata. Amma ba zan yi miki dole ba. Wa kike so?"

"Duk wanda ka zaɓa, Baba."

Baba ya daɗe yana kallon ta. Yayarta ta ja ta ɗaki ta turo ƙofa.

"Ke wai dutse ce? Aure fa ake magana, ba kalar mayafi ba! In kika ci gaba da shiru, Baba zai amsa wa na bankin."

"To, Yaya."

Washegari bayan ta tashi aiki ta biya shagon don ta ce wa Dogo ya haƙura. Yana can ciki yana jera kwalaye. A gefen injin ta ga kofi da aka sauke yanzu, da hoton wata budurwa mai fararen haƙora, an rubuta a ƙasa: Rabin raina. Ga wayar Dogo a kusa, hoton nan dai a fuskar wayar.

Kunnuwanta suka ɗauki zafi.

"Wace ce wannan?" Ita kanta ba ta gane muryarta ba.

Dogo ya leƙo. "Wa?"

"Kar ka raina min hankali! Kana ta damuna da saƙo, ashe kana da rabin rai a ajiye!"

Ta fizgi kofin, zafinsa ya ƙona ta, ta sake shi ya tarwatse a ƙasa.

Dogo ya dubi kofin, ya dube ta, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Oda ce, Autata! Wani ne ya turo hoton matarsa. Fuskoki nawa nake bugawa a rana? Wallahi ban san ta ba." Ya tsaya. "Kai! Kishi kike yi? Alhamdulillahi! Ga wani kofin, fasa shi ma."

Ta buɗe baki za ta yi masa masifa, sai kuka ya ƙwace mata. Ta zauna a kan kwali tana kuka tana kiran Mama, kukan da bai zo ba tun ranar rasuwar. Dogo ya kashe injin, ya zaro sabuwar riga ya miƙa mata ta share fuska. Bai ce ta yi shiru ba.

Da idanu a kumbure ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, Dogo nake so."

"Har yanzu sana'ar tasa ba ta kwanta mini ba."

"Ko ba ta kwanta maka ba, Baba, shi nake so."

Yaya ta toshe baki. Baba ya sunkuyar da kai, da ya ɗago idanunsa sun kaɗa.

"Tun da muka rasa mahaifiyarki ban ji kin ce kina son wani abu ba. Ki ce ya turo manyansa."

Da safiyar ɗaurin aure saƙo ya shigo: "Amaryata, na sayo kofunan roba. Ki zo ki yi ta kishinki."

Ta yi dariya har ta ɓata kwalliya, Yaya na ta faɗa.

Da za a tafi da ita, Baba ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya. Ki yi dariya, ki yi fushi, ki yi kuka, duk na yarda. Shirun nan dai kar ki ƙara yi mini shi, Auta."

Ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ce, "Ba zan ƙara ba, Baba."