Abin da Uwaisu Ya Ɗauka a Kwando

Aiken ba wani babba ba ne. Mage za a kai wa likitan dabbobi a Hajj Abdalla, tafiyar sa'a guda a karo, wato keken jaki, in an bi bakin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakinmu. Mai kaiwar kuwa maƙwabcina ne, Uwaisu, wanda ya sha gaya mana a majalisa cewa ya taɓa korar kura da takalmi. Ku riƙe zancen takalmin nan.

Magen sunanta Balila, mai launin toka, ta marigayiya mahaifiyarsa ce. Waya ta yanke ta a ƙafar gaba, ciwon ya kumbura har ya soma wari. Likitan, Dakta Alamin, ya ce a kawo ta a ranar ko da dare ya yi, don da safe zai wuce Sinnar rigakafin shanu, sai bayan mako biyu. Ramla, 'yar Uwaisu, ta ce, "Yaba, in Balila ta mutu, Kaka ta mutu sau biyu ke nan."

To, Balila ba abin da ta tsana kamar kwando. Tun azahar Uwaisu ke bin ta, ta zane masa hannu, ta shige lungu ta ɓace. Maƙwabciyarsa, Hajja Sabuwa, ta leƙo ta kan katanga.

"Kai ɗan nan, ba a kama mussa da ƙarfi. Shimfiɗa tsohon tob ɗin da uwarka ke lulluɓa da shi cikin kwandon ta ji ƙanshinta. Barbaɗa busasshen furen babunaj, na shayin kwantar da hankali, da na'ana. Ka sa hayaƙin itacen ɗalih mai ƙanshi kaɗan, nesa da ita. Amma ka gama kafin rana ta yi ja."

Uwaisu irin mutanen nan ne da in aka ce cokali ɗaya, sai su ga biyu sun fi albarka. Wajen neman tob a akwatin tsohuwa ya ci karo da gwangwaninta. Mahaifiyarsa 'yar zar ce, wasan iskoki da mata ke yi da ganga da turare, kuma duk Alhamis takan rufe ɗaki ta ƙona abin da ke cikin gwangwanin. Shekara biyu da rasuwarta ba wanda ya taɓa shi. Ko yaron goye ya san ba a buɗe irinsa sai shehiyar zar, shugabar matan, na wurin. Uwaisu ma ya sani. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce ai turare turare ne. Ya zuba a kasko.

Hayaƙin bai tashi sama ba. Ƙasa ya bi, yana rarrafe kamar ruwan ban ruwa.

Sai ga mage mai launin toka ta fito daga bayan rumbu tana ɗingishi. Ta shiga kwandon da kanta, ta kwanta. Ramla na kicin tana toya kisra, wainar dawa, ba ta gani ba. Uwaisu ya ɗaure murfin da igiya, ya ɗora a karo, ya ajiye kasko da gwangwani a gefensa ko za ta farka a hanya. Rana ta riga ta yi ja.

Da farko hanya lafiya. Warin laka, kukan kwaɗi, dawa ta yi tsayi hagu, ruwa na tafiya dama. Can baya ya ji kiran magariba ya ce zai yi in ya isa. Magen na gurnani a hankali, har yana yaba wa kansa.

Ya wuce ƙaramar gada. Kwaɗin suka yi shiru, duka lokaci guda.

Jakin ya soma gumi. Tayoyin karo na nutsewa kamar an loda buhun dawa goma. Gurnanin kuma ya sauya. Yanzu a katakon da yake zaune yake jin sa, yana hawo masa baya, har cikin haƙora.

Wayarsa ta yi ƙara. Ramla ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaba, kana ina?"

"Na wuce gada."

"Mi ka ɗauka?"

"Wace irin tambaya ce wannan, ɗiyata?"

"Balila ga ta nan ƙarƙashin gadon Kaka. Jikinta rawa yake. Ta ƙi fitowa."



"Yaba, kada ka waiwaya."

Ya waiwaya.

Kwandon ya cika tam, sakarsa na ƙara kamar za ta yage. Igiyar ta miƙe. Hayaƙin kasko ya yi siriri, kuma duk ta ramukan kwandon yake shigewa, kamar ana zuƙarsa.

"Ƙara."

Raɗa ce. Ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Tana warin toka mai sanyi.

Ya zuba. Gurnanin ya lafa. Jakin ya ja taku ashirin. Fitilun Hajj Abdalla na can nesa kamar ƙwayar gero.

"Ƙara, ɗan tsohuwa. Shekara biyu ba a ba ni ba."

Ya ƙara. Wannan karon taku goma.

Ya sa yatsa a gwangwani. Farcensa ya kankari ƙarfe.

Babu.

Garwashin ya yi ja sau ɗaya, ya mutu.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu a bakinsa, ya tarar ta gudu. Bisimilla kawai ta rage, ita yake ta maimaitawa.

Ƙullin igiyar ya warware da kansa, sannu a hankali, kamar mai kwancewar ba ya sauri.

Murfin ya ɗaga.

Abin da ya fito ba ƙafar mage ba ce. Hannu ne, dogo, gashi mai launin toka har wuyansa, farata da jan lalle irin wanda tsohuwa ke sawa ranar Alhamis.

Hannun ya kama gefen jallabiyarsa.

Sanyi ya ratsa cinyarsa kamar ƙanƙara.

"Ina saura?"

Uwaisu ya sulale daga cikin rigar kamar maciji na saɓa. Ya dira cikin gonar da aka sakar wa ruwa, laka har gwiwa. Karan dawa na marinsa. Jakin na kuka a baya. Gurnanin kuwa yana nan dab da ƙeyarsa, yana hura masa warin toka.

Bai waiwaya ba. Ya dai koyi wannan.

Mun idar da lisha ke nan ya faɗo ƙofar masallacinmu, daga shi sai wando. Mai korar kura da takalmi ya iso ko takalmin babu. Liman ya tofa masa addu'a har ya iya faɗin sunansa.

Da asuba aka tarar da karo a ƙofar gidansa, jakin na tsaye yana kakkarwa. Jallabiyar an ninke ta tsaf. Kwandon a ɗaure. Hajja Sabuwa ce ta yi bisimilla ta kwance. Ba komai ciki sai gwangwani, buɗe, da kasko an wanke shi fes an ajiye a gefensa, yadda baƙo ke turo kwano in yana son ƙari.

Ramla ba ta jira kowa ba. Ta shimfiɗa abin sallar Kaka a kwali, ta barbaɗa babunaj, ta zauna tana yi wa Balila magana har ta shiga. Ta hau raksha mai ƙafa uku, ta tare Dakta Alamin a tasha yana shirin shiga mota. A nan kan benci ya wanke ciwon ya yi allura. Balila ta rayu. Tana ɗan ɗingishi har yau, kuma ba ta sake bi ta bayan rumbu ba.

Uwaisu ya daina zancen kura. In zai bi bakin tur'a, ko da rana tsaka ne, sai Ramla ta dafa masa babunaj ya sha tukuna. An kuma gan shi sau biyu a gidan shehiyar zar.

Yanzu duk Alhamis da la'asar yakan kai kasko bayan rumbu ya ajiye, ya dawo da sauri bai waiwaya ba. Na tambaye shi, ya ce don sauro ne.

Ban musa masa ba. Amma sauron garinmu bai san Alhamis ba.