Turancin Ofis a Falon Abah

A ɗakin taro na wani kamfanin lantarki a Penang, ƙasar Malesiya, Liyana ta fara ganin Azrul. Sabuwar ma'aikaciya ce, manaja sai zuba yake da “touch base” da “circle back”, ita kuwa ko ɗaya ba ta kama ba. Da aka tashi, Azrul ya miƙo mata kofin shayi.

“Kada ki damu, ƙanwata. Duk surutun nan, nufinsa a sake magana gobe.”

Ta yi dariya, daga nan zance ya yi nisa. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: “Sayang, masoyiyata, kin karya kuwa? Na ajiye miki shinkafar nasi lemak, kada ki ce ba na kula da ke.”

Abin da ke hana Liyana sukuni shi ne mahaifinta, Roslan, wanda take kira Abah. Ya tsufa a wata masana'anta, rana ɗaya wani yaro mai laktaye ya zaunar da shi, yana murmushi ya sallame shi daga aiki, ya ce masa “we have to let you go”. Tun ranar Abah ya tsani mai irin wannan bakin. Da ta yi masa zancen Azrul, sai ya ce:

“Ɗan ofis? Masu yanka mutum suna shafa masa zuma? Ga Fauzi mai gyaran babur yana neman ki, in ya ce eh, eh ɗin ce.”

Shi kuma Azrul, bawan Allah, da zarar tsoro ya kama shi sai Turancin ofis ya ƙwace masa. Ana gobe zai zo gidansu, Liyana ta tura masa saƙo: “Abang, yayana, don girman Allah ka bar Turancin nan a mota. Ina jin tsoro.”

Ranar da ya zo gaisuwa, tana laɓe a bayan labule. Abah ya ƙura masa ido.

“Me ya kawo ka gidana?”

“Baba, wato... auren nan win-win ne gare mu duka.”

Liyana ta dafe bango. Shi ke nan, ta ce a ranta, Fauzi za a aura mata.

Abah bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ba ta tsoro. “To, ɗan boko. Ranar da ka gaji da 'yata, da wane Turancin za ka sallame ta?”

Azrul ya sauko daga kujera ya durƙusa.

“Baba, tsoronka nake ji, shi ya sa. A ofis da kalmomin nan muke rufe fuska, don kada a ga muna karkarwa. Ina son Liyana. Ba ni da gida tukuna, haya nake. Ina da saurin fushi, amma ba na kwana da shi. In na ɓata mata, ni da ƙafata zan zo nan in faɗa maka.”



“Yanzu na ji mutum,” in ji Abah. “Ka turo manyanka.”

Bayan sallar layya aka ɗaura auren. Abah da kansa ya riƙe hannun Azrul a masallaci, yana hawaye ya ce, “Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka, ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba.”