Cokali Nawa?

Ranar Laraba ce, ana ruwa tun safe. Akwai wani yaro da kullum yake yi wa kakansa karatu a gida. Amma hadda ce kawai. Sai ya buɗe littafi, ya zuba abin da ya ji a aji. Tsohon bai yi boko ba, kullum sai ya ce, "Madalla."

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da ƙanwarsa. Tsohon ya miƙo masa takardar magani.

"Malam, cokali nawa aka rubuta?"

Yaro ya dubi takarda, ya dubi ƙanwarsa. Tsohon har ya buɗe kwalba.

"Kaka, tsaya! Ban iya ba. Hadda nake yi."

Tsohon ya rufe kwalbar. Ya fita cikin ruwa neman mai karantawa.

Washegari yaro ya buɗe shafin farko na littafinsa, ya ɗora yatsa kan harafin farko.