Kafet ɗin Ɗakin Baba

"Zo ki gani da idonki! Ga wata kusurwar ma ta tafi!"

Auta ta fito daga kicin hannunta duk kumfa. Mijinta na tsugune a bakin ƙofar falo, riƙe da zaren kafet da aka tsittsinke. Shimfiɗa kafet ce sana'arsa. Wannan ma da kansa ya zaɓo mai kauri, ya shimfiɗe gidan kaf lokacin da suka ɗauko mahaifinta, don ko tsohon ya faɗi kada ya ji ciwo.

Mai laifin kuwa tana ƙarƙashin kujera tana motsa hanci, ko a jikinta. Zomanya ce fara sol, ta marigayiya Mama.

"Keji zan sayo mata, wallahi na gaji!"

"Haba abin ƙaunata... ka fa san halin da Baba yake ciki."

Ya sani sarai. Tun rasuwar Mama, Baba ya daina yi wa kowa magana, likita kuma ya ce harshensa lafiya lau. Sai zomanyar ta haye cinyarsa yake buɗe baki.

"Fara, kin ci abinci? Ina kika shiga tun safe?"

Auta takan laɓe a bayan ƙofa don kawai ta ji muryar mahaifinta, ta share hawaye ta koma aikinta. Ranar da aka taɓa kulle Fara a keji, ko ruwa Baba bai sha ba.

"Ka bar min ita," ta ce. "Zan yi maganin abin."

Ta kuwa zage damtse. Ragowar tayil ta jera a kowace kusurwa, ta malala tabarmar roba a inda Fara ke son kwanciya, ta cika kwali da tsofaffin jaridu don ta yi ta tono son ranta. Mijin ma da ya huce, sai ga shi da siraran katako yana bubbugawa a gefen bango.

"Falona ya koma wurin gini saboda surukata mai dogon kunne," in ji shi.

Ta kai masa dukan wasa a kafaɗa, suka yi dariya. Kai, kwanakin nan sun yi wa Auta daɗi! Ba faɗa, ba ɓarna, ga muryar Baba na fitowa daga ɗaki kullum.

Sai wata safiya Fara ta ƙi cin ganye. Ta takure a lungu, cikinta ya kumbura, ko Baba ya kira ba ta motsi. Suka garzaya da ita wurin likitan dabbobi.

"Zaren roba ne ya cushe mata hanji," likitan ya ce. "Ta daɗe tana haɗiya. Kun makara..."

A kan teburinsa ta mutu.

Suna dawowa mijin ya janye gadon Baba. Innalillahi! Kafet ɗin ƙarƙashin gadon duk a cinye, har siminti ya fito. Sun tare mata ko'ina ido ke gani, ita kuma ta koma inda ba mai leƙawa.

"Kafet ɗinka ne ya kashe ta!" Auta ta faɗa cikin kuka. "Kullum kafet, kullum kafet! Ga shi nan sai ka ci!"

Idanunsa suka kaɗa jajur, ya ɗauki makullinsa ya fita. Tun kafin ƙofar ta rufe ta yi nadama, don ta san saboda wa aka shimfiɗa kafet ɗin.

Sai yamma lis ya dawo, duk ya jigata, rungume da wata zomanya fara.

"Gari kaf na zagaye, zuciyata. Har girman ɗaya ne... bari mu gwada."

Ya durƙusa gaban Baba, ya ɗora masa ita a cinya a hankali. Auta na tsaye tana kallo.

Baba ya shafa bayanta. Ya shafa kunnuwan. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗago ya dubi surukinsa, ya miƙa masa ita da hannu biyu.

"Ba ita ba ce, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Auta ta zube a gabansa.

"Baba! Ka yi magana! Ƙara faɗa, Baba... ni ce Autarka, ko sunana ka kira!"

Tsohon ya lumshe ido kawai.

Ta girgiza gwiwarsa, ta roƙa, ta sake roƙo har muryarta ta dishe. Mijinta ya ɗago ta ya rungume, shi ma hawaye na bin kumatunsa.

"Ka yafe min," ta ce a ƙirjinsa. "Ka yafe min abin da na faɗa maka."

"Ba ki yi min komai ba. Zai sake magana, in sha Allahu."

Ta so ta yarda da shi, wallahi ta so. Amma Baba bai sake cewa komai ba har ya koma ga Mahaliccinsa.