Sunan da Gwaggo Ba Ta Faɗa

"Ba aure! Ɗan'uwanki ne na nono!"

Shafa'atu ta saki taɓarya. Saura kwana tara a ɗaura mata aure da Labbo, ɗan Gwaggo Rakiya, ƙanwar mahaifinta. Mai maganar Mairo ce, maƙwabciyarsu a Karakkai, mai ɗiya budurwa a ɗaki da tsoron Allah na rana ɗaya.

"Da idona na ga marigayiya uwarki ta ba ɗan farin Rakiya nono, shekarar da Rakiya ta kwanta zazzaɓi a Tsafe, tun kafin zuwan Nasara!"

Kwana uku Shafa'atu ta kasa zama. Ta ɗora tukunya ta mance wuta. Uwar da za a tambaya tana kabari. Mahaifinta yana fatauci a shekarar, bai san komai ba, kamar yawancin maza. Gwaggo Rakiya kuwa sai sunkuyar da kai.

Labbo ya tare ta a bakin rijiya.

"Taubashiyata, kin koma karan dawa..."

"Bar wasan nan, Labbo! In ta tabbata fa?"

"Sai in ce miki ƙanwa, in bar ƙasar."

"Ni kuma in yi yaya da raina?"

Ya karɓi guga ya jawo mata ruwa.

Aka tafi Gusau gaban alƙali.

"Auren ɗiyan wa da ƙanwa halal ne," in ji alƙali. "Nono shi ke haramtawa, kuma wanda ya sha kaɗai, ban da 'yan'uwansa. Rakiya, ɗanki na fari ya sha?"

"Ya sha..."

Mairo ta yi hamdala da ƙarfi. Labbo ya miƙe, yana laluben takalminsa.

Gwaggo ta ce a hankali, "Labbo, zauna."

Shafa'atu ta zabura. Wace uwa ke kiran ɗan farinta da suna?

"Allah gafarta Malam! Gwaggo tana kiran Labbo da sunansa... Kullum! Ko yanzu ta kira!"

Alƙali ya ajiye alƙalami.

"Rakiya, wane ne ɗan farin?"

Shafa'atu ta matsa kusa da ita.

"Gwaggo, don Allah... rayuwata ce!"

Tsohuwar ta ɗago kai.

"Buba," ta ce. "Kwana arba'in ya yi a duniya. Yana Tsafe, bayan gidan kakansu."

Shekara ashirin da biyar ba ta furta sunan ba. Kunyar ɗan fari ba ta ƙare da mutuwarsa ba, har ta kusa cinye auren ƙanensa.

Aka ɗaura aure ranar da aka sa. Mairo ta zo, ta ci tuwo malmala biyu.

Da Shafa'atu ta haifi namiji, aka raɗa masa Buba. Ita ba ta taɓa kiran sunan ba, ɗan fari ne.

Gwaggo ce ke yini tana kira.

"Buba! Buba, zo nan!"

Ko yana kan cinyarta.